Farantin da ke shan madara

Ku 'yan boko, ga taku: wane ne ba shi da baki, amma ana ba shi madara, in ya ƙoshi ya daina ƙarya?

Ranar Talata jikata Ummi ta shigo fuska a murtuke. Gwajin jini take koyo a jami'a, aikinta na ƙarshe ya ƙi fita, ga shi saura mako ɗaya ta miƙa. Wai maganin gwajin yana manne wa farantin da ake gwajin a kai ko'ina, sai jinin mai lafiya da na mara lafiya su nuna launi ɗaya.

Ta ce, "Hajiya, har jiƙa shi nake da ruwan madarar gari, ta toshe guraben da babu komai, don maganin ya kama abin da ake nema kawai."

Na ce, "Minti nawa?"

"Ashirin. Sauri nake."

Sai na tuna Innarmu a Yakasai, Allah ya jiƙanta. In ta sayo sabuwar tukunyar ƙasa, ba ta ɗora miya sai ta dama kunu a ciki ya kwana, don kada tukunyar ta shanye romon. Mu yi ta leƙe, tana korar mu da muciya.

Na ce, "Uwar gaggawa, bar shi ya kwana."

Ta yi min dariya, amma ta gwada, ta bar shi ya kwana cikin madarar a firij. Jiya ta turo hoto, ya fito tas, launin mai lafiya daban, na mara lafiya daban. Na ce to, a rubuta sunan Inna a takardar digirin.

A gidan wa aka yi wa tukunya haka? Ku faɗa min.

Amsar kacici-kacicin kuwa, farantin gwajin Ummi ne.