Giyar Ƙarshe

Duk lokacin da na tuna kat-kat ɗin Baba, ƙauri nake fara ji kafin in ga motar, wani ƙauri mai zaƙi-zaƙi kamar an manta sukari a wuta. Daga baya ne na san man giya ne idan ya dahu.

Don abu ɗaya Baba ya saye ta. Yana son ya koma garinsu a ƙasar Katsina, yayarsa da ta rene shi ta gan shi cikin motar kansa. A bayan motar goro ya bar gida yana saurayi, ya yi karen mota, ya yi direba, sannan ya kafa shagon atamfa a Adjamé har gemu ya yi fari. Muka ce ga jirgi, ga bas. Ya ce wanda ya fita a bayan mota, a gaban mota ya kamata ya koma. Ni ce autarsa, haifaffiyar unguwar Biafra ta Treichville, Faransancina ya fi Hausata nesa ba kusa ba, don haka na zama tafinta tsakaninsa da bakanike.

Motar tsohuwa ce daga Turai, doguwa, ruwan toka, irin mai canja giya da kanta. An yi ta don laka da yashi, amma gadar da ke tsakanin gida da shago ma sai da addu'a. Da safe lagun, babban ruwan da gadar ta ratsa, yakan kwanta shiru, hazo na tashi a kansa, kwale-kwale na tafiya kamar ba a kan ruwa ba. Ni ina kujerar baya, domin 'ya ba ta zama kafaɗa da kafaɗa da ubanta. Nakan kafa goshi a gilashi in ga garin da ban taɓa gani ba yana tasowa daga hazon, da katangar ƙasa, da wata tsohuwa a bakin zaure tana kare rana da hannu. Sai rurin injin ya dawo da ni. Motar na ihu kamar za ta tashi sama, alhali gbaka, 'yar bas ɗin haya, cike da fasinja na wuce mu, allurar zafi na hawa sannu a hankali har ta taɓa ja. Mu tsaya a gefen titi, tururi na fita, Baba na salati.

Bakaniken ɗan ƙabilar Jula ne, garejinsa na bayan layin masu ƙarfe a Adjamé Liberté. Ya wanke lagireto. Ya canja fanka. Ya cire wani ɗan ƙarfe da ke tare ruwa, wai Turawa suka sa don sanyin ƙasarsu. Ya zaro sandar awon man giya ya goga a farin tsumma. Man da ya kamata ya yi ja kamar zoɓo ya koma ruwan kofi. Ya zuba sabo, ya ɗauki motar shi kaɗai ya zaga gari, ya dawo yana buɗe hannu.

"Papa, elle n'a rien."

"Baba, wai lafiyarta ƙalau."

"Gaya masa ciwo ba ya fitowa gaban mai magani," in ji Baba. Shi dai ya tsaya a kan baƙunta ce ke damunta, za ta saba, shi ma da ya zo sai da ya shekara acheke, dambun rogonsu, na ɓata masa ciki.

Haka muka yi ta yi, a hannun bakanike amarya, a hannun Baba masifaffiya. Fataken goro kuwa kowane zuwa da saƙon Gwaggo, yayar tasa, tana tambaya yaushe. Baba ya ce bayan damina. Damina ta zo ta wuce, wata ta kama hanya. Raina ya fara ɓaci da motar, da bakaniken, har da Baba.

Wata rana ana ruwa, bakaniken zai je Treichville, Baba ya ce ya shigo. Bakaniken ya yi ta nuƙu-nuƙu, don bai taɓa zama a gaba kusa da tsohon ba, balle ya ce masa tuƙa in gani. Da ƙyar ya shiga. Baba ya yi bisimilla, ya kama sandar giya ya ja ta baya, ya wuce wannan harafi, ya wuce wancan, sai da ta dangana da na ƙarshe. Bakaniken ya dubi hannun, ya juyo ya dube ni, ya tambaye ni da Faransanci ƙasa-ƙasa ko kullum haka yake yi. Ban sani ba. Ban taɓa kallon hannunsa ba, lagun nake kallo.

"Baba, wai me ya sa kake kai ta can ƙarshe?"

"To ina zan kai ta? Giya matakala ce, ta ƙarshe ita ce ta gudu. Ba ki ga an rubuta L ba? Lafiya ke nan."

Bakaniken ya yi min bayani. Ashe a irin waɗannan motoci ta ƙarshen ita ce giya ta ɗaya, ta hawan dutse da fita daga taɓo. Tun da ya saye ta a giya ta ɗaya yake tsallaka gada. Dariya ta zo min, tausayi ya danne ta. Na nemi Hausar da ba za ta kunyata shi ba, na ce, "Baba, wai wannan ta hanyar gida ce, inda ba kwalta. Ta cikin gari ita ce D."

Ya tura sandar gaba. Motar ta sauke numfashi, ta miƙe a kan gada sumul, har muna jin ruwan sama a kan rufi.

Amma fayafayan cikin giyabos sun riga sun ƙone. Sai da aka sauke shi, aka jira na gwanjo. Wannan ma ya ci watanni.

Mun tafi daga ƙarshe, ni da shi da wana, allura ba ta ko motsa ba. Da muka tsaya a ƙofar gida aka fito da Gwaggo, wata jikarta na riƙe da hannunta. Idonta ya tafi a daminar da ta wuce, ta hana a faɗa masa. Baba ya tsaya da makulli a hannu. Ya ce wa wana, "Tayar da ita ta ji."

Aka tayar. Injin na ta aikinsa a hankali, lafiyayye.

"Ban ji komai ba," in ji Gwaggo. "Kai dai matso in taɓa ka."