Sifirin da Na Cire Daga Motar Ilu

Ni ɗan Cadawa ne. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka ku bar shi. Abin da nake so ku sani shi ne kafin in lalace ni makanike ne na kirki, wallahi na kirki. Ina barin lakol, wato makarantar boko, babana ya kama hannuna ya kai ni garajin Malam Sanda a Agiye. Tsoho ne mai faɗan tsiya. In ka ɗaure noti da ganganci sai ya sa ka kwance ka sake, ko mai mota yana kumfar baki. Da ya yaye ni na dawo gida, na kafa rumfata a bakin titi, na yi aure, ina cin gumina.

Direbobin haya na wajenmu ba su da zancen da ya wuce gudu. Ran kasuwa wanda ya riga isa ya juyo, shi ke kwashe fasinja. Kowa ya zo sai ya ce, "Mai garaji, ƙara mata ƙarfi."

A jikin inji akwai abin da muke kira papiyon. Shi ne maƙogwaron mota, ta nan iska ke shiga. A cikinsa akwai ɗan faifan ƙarfe. In direba ya taka totur faifan ya buɗe, inji ya sha iska ya zabura. In ya ɗaga ƙafa, sifirin, wato ɗan murɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa ya koma, ya ja faifan ya rufe. Da farko wanke shi kawai nake yi da fetur, in cire dauɗa, mota ta saki jiki. Aikin halal ne, kuma suka fara yabona a tasha. Yabon nan ne ya fara kumbura mini kai.

Daga nan na shiga sa magagari ina ƙara wa maƙogwaron faɗi. Sai kuma na gano abin da ya fi sauƙi. Sifirin biyu ne ke rufe faifan. In ka cire ɗaya, totur sai ya yi laushi, da ɗan yatsan ƙafa ma ka taɓa mota ta yi tsalle. Ba wani ƙarfi da ya ƙaru, ko kaɗan. Amma direba sai ya fito yana washe baki yana cewa, "Kai, wannan hannu naka!" Ban tsaya nan ba. Na koma cire papiyon mai kyau na mutum in sayar wa wani, in sa mishi tsoho da na goge ya yi ƙyalli, in rantse mishi na babbar mota ne da aka kawo mini daga nesa. Makanike ba ya zubar da ƙarfe, don haka duk sifirin da na cire sai in jefa shi a gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur.

Ilu abokina ne tun muna yara. Yana jan wata tsohuwar mota, ran kasuwar Gangara ya cika ta da mata da ƙwaryar nono da buhunan gero. Shi kaɗai ne ɗan tsohuwarsa, Inna Hajara, shi ke ci da ita. Ya daɗe yana mita wai kowa ya wuce shi a hanya. Na ce mishi, "Yo kai da jakinka ka zauna gida mana, in ba ka so in taɓa ta." Ya yi dariya ya miƙo mini mota. Abokina ne, amma abin da nake yi wa kowa shi na yi mishi.

Bayan kwanaki ya dawo da rana tsaka, fuskarsa ba walwala. Ya tsayar da mota gaban rumfa, ya fito ya bar ta a kunne. Ya ce, "Tsaya ka saurara."

Muka tsaya. Ba kowa a cikin motar, ƙofa a buɗe. Inji yana ta dirinsa a hankali. Can sai ya fara tashi da kansa, sannu sannu, kamar akwai wanda ya zauna a kujera yana danna totur. Ƙarar ta yi ta hawa har madubi ya kama rawa, awakin da ke kwance gindin rumfa suka watse. Sai kuma ta sauka, tsit.

Ilu ya ce, "Haka take yi mini. In na ɗaga ƙafa wani lokaci ba ta ragewa. Me ke nan?"

Na sani sarai. Rairayi ne ya shiga inda na gurza, faifan yana maƙalewa, sifirin ɗaya kuma ba ya iya maido shi. Gyaran bai kai a dafa shayi ba. Nasa sifirin yana cikin gwangwani, dab da ƙafata. Amma in na mayar, totur zai yi nauyi, zai gane ba abin da na ƙara mata, kafin la'asar duk tasha ta ji. Tsoron wannan kunyar ne ya kama ni.

Na ce, "A ina ta fara yi maka?"

Ya ce, "Wajen tsamiyar nan ta kwana, kafin a shiga Gangara."

Na rage murya. Na ce, "Haba Ilu, kai ma ka san abin da ake faɗi a kan iskokin tsamiyar nan. Wannan ba aikin sifana ba ne. Ka ɗauko wani bai biya kuɗin mota ba. Nemi taimako wajen malamai."

Ya kalli kujerar da ba kowa. Ya ce, "Allah Ya tsare." Ya yi mini godiya. Godiya fa! Na gan shi daga baya da laya rataye a madubi, motar tana warin turaren hayaƙi. Inna Hajara ce ta nemo mishi.

Ran kasuwa ta gaba, da hantsi, motar ta ƙi sauka daidai kwanar. Wata mata da ke zaune gaba ta faɗa daga baya cewa ya ɗaga ƙafarsa gaba ɗaya, ta gani da idonta, amma motar sai ƙara gudu take. Ya taka birki, kaya sun yi nauyi. Makullin motar ya daɗe da lalacewa, da waya ake kashe ta, ba lokacin lalube. Gabansa kuwa bakin kasuwa ne, cike da mutane. Sai ya ce, "Ku riƙe!" ya karya sitiyari ya nufi tsamiyar ta ɓangarensa.

Fasinjoji sun ji ciwo, amma sun rayu. Ilu nan take ya cika. Motar ta kwanta gefe, ƙafafunta na juyawa a iska, injin kuma bai mutu ba. Ya yi ta kururuwa a ƙarƙashin itacen, matuƙinsa matacce, mutane sun tsaya nesa suna salati, an rasa mai matsowa. Da ni aka yi jana'iza. Kowa yana cewa iskokin tsamiya ne, ni ma ina gyaɗa kai.

Jandarma ba su yarda da iska ba. Suka ja motar zuwa Agiye, suka kira tsohon makanike ya duba, suka kira ni don ni na taɓa ta ƙarshe. Ina shiga na ga Malam Sanda ne. Ya sa yatsa ya tura faifan. Faifan ya buɗe, ya tsaya a buɗe. Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Ina ɗayan?" Da suka je rumfata suka zazzage gwangwanin, sifirin ya cika tebur, ko wanne na motar da ke kan hanya da mutane a ciki.

Na yi shekaru a gidan kaso. Matata ta koma gidansu, ban ga laifinta ba. Zafi da ƙwari duk mai sauƙi ne. Abin da ya dame ni ƙarar nan ce. Da rana tsaka, ana hira, sai in ji inji yana tashi da kansa a bayan katanga, yana hawa, yana hawa. In ce wa na kusa da ni, "Ka ji?" Ya ce bai ji komai ba. Har yau ina jin ta. A can na fara salla da gaskiya, na roƙi Allah gafara.

Da na fito na tafi wajen Inna Hajara. Ta tsufa, ido ya yi rauni. Ashe an ɓoye mata maganar shari'a don tausayi. Na durƙusa na faɗa mata komai, har gwangwanin. Ta ce, "Ɗan nan, shekarun nan duk, in mota ta bi da ni ta tsamiyar nan rufe fuska nake ina tsine mata. Ashe itacen Allah ba ruwansa. Ashe kai ne, da na sha zuba wa fura." Na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Ka je. Ban iya ba tukuna." Duk Juma'a ina komawa gaishe ta, tana amsawa, amma har yanzu ba ta ce ta yafe ba.

Ku samari da ke koyon wannan sana'a, ku ji ni. In direba yana son ƙarfi, ku wanke mishi papiyon, ku faɗa mishi iyakar abin da motarsa za ta iya, ko zai zage ku. Kada ku cire abin da aka sa don mota ta tsaya. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa tun mai ita yana tsaye gabanku da ransa. Ni na samu wannan damar, da rana tsaka, sifirin yana dab da ƙafata, sai na tura abokina neman laya.