Waya Mai Lamba Bakwai

Wanda ya ga Bilyaminu yana gyaran wayar hannu a kasuwar Shinkafi ba zai ce ya taɓa riƙe shagon intanet a Ƙaura Namoda ba. Ɗan manomi ne daga Dauran, ajinmu ɗaya. Ga taurin kai! Ko gishiri ka miƙa masa sai ya lasa kafin ya yarda.

Shekarun farko na Shari'a ne. Mai shagon, Alhaji Labbo, ya sa aka raba wurin da labule, maza nan, mata can. A rana ɗaya aka jaye tebura, aka sake jona wayoyi cikin gaggawa.

Ana nan sai 'yan hisba suka zo da gargaɗi: an ce ana buɗe hotunan banza a shagon. Alhaji ya yi ta salati, ya ce wa Bilyaminu, "Ka binciko min wanga ɗan iska yau ɗin nan!"

Duk wayoyin kwamfutocin suna haɗuwa ne a wani akwati mai ramuka goma sha shida, suwic ake ce masa. Bilyaminu ya jona laftof ɗinsa a rami na ƙarshe, ya saita akwatin ya riƙa kwafo masa duk abin da ke wucewa ta sauran. Kafin azahar abu ya fito ɓaro-ɓaro: rami na bakwai. Takardar da ke liƙe a bango kuwa ta ce bakwai na Ummusalma ne, mai buga takardu, wadda saura wata ɗaya bikinta.

Innalillahi! Ina wurin, na zo buga takardar neman aiki. Alhaji ya fito ya yi mata tas a gaban jama'a, ya ce ta tattara kayanta, ya koma ofis ya rufe ƙofa. Kuka take tana rantsuwa. Maganar nan in ta kai gidan angon, aure ya mutu.

"Dakata, Malama," in ji Bilyaminu. "Takardar bangon nan ta girmi labulen nan."

Ya durƙusa ya kama waya ta bakwai, yana bin ta da hannu a ƙarƙashin tebura. Ta wuce labule, ta wuce teburin Ummusalma ko tsayawa ba ta yi ba, ta shige wata huda a bangon ofis. Ya daɗe yana kallon hudar. Sannan ya dawo, a gaban kowa ya zare wayar daga raminta. Kwamfutar Ummusalma na nan tana aikinta lafiya lau.

Sai ƙofar ofis ta buɗe, Alhaji ya leƙo.

"Kai, Bilyaminu! Wa ya tsinke min intanet?"

Wallahi kowa ya juya yana kallon Alhaji. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

An ɗaura auren Ummusalma a ranar da aka sa. Bilyaminu bai samu zuwa ba, don washegarin ranar da ya zare wayar aka sallame shi daga aiki.