Piyanon Baba Lawali da Taɓare Uku

Matso kusa ka ji abin da kunnena ya riƙe tun ina yarinya. Wata Alhamis, ranar kasuwar Damagaram, damina ta fara sauka, muna tsakar gida a Birni muna ɓarar gyaɗa, sai ga amalanken shanu a ƙofar zaure ɗauke da wani baƙin akwati da ya fi ni tsawo. Ƙarti suka shigo da shi suna nishi. Da Baba Lawali, ƙanen mahaifina, ya ɗaga murfin ya taɓa wani farin haƙori da yatsa, ƙarar ta ratsa ni har tafin ƙafa. Kaji suka watse, ni kuwa na daskare da ɓawon gyaɗa a hannu. Piyano ke nan, wanda wani Bature malamin lakwal, wato makarantar boko, ya bar masa da zai koma ƙasarsu.

Baba mushe ne, wato malamin makaranta, da ya ajiye aikin koyarwa, gemunsa ya yi furfura. Ya ɗan taɓa abin yana saurayi, ya san karatun rubutun kiɗa, ɗige-ɗigen nan masu kama da tururuwa a kan igiya. Aka saka akwatin a ɗakin da muke jibge buhunan gyaɗa, ya ajiye masa ƙwaryar ruwa a ƙasa don kada zafi ya tsage katakon. Kakarmu Iya Fanna, mai gidan ke nan a gaskiya, ta ce ta ba shi aron ɗakin zuwa kaka. In amfanin gona ya iso daga garin Dogo abin bai yi kiɗa ɗaya daga farko har ƙarshe ba, to waje zai koma, rana da gara su gama da shi.

Littattafai aka bar masa iri-iri. Na yara, Baba ya ce ba zai zauna da gemunsa yana buga su ba. Sai ya rungumi wani na manyan gwanaye, takardarsa baƙa ƙirin. Farkonsa kamar hadari ya taso daga gabas, tsikar jikina na tashi, amma kullum wuri ɗaya yake tuntuɓe, ya koma baya, ya sake faɗuwa. Har muka riƙe wurin. In muna wasan gaɗa muka ji ya kusa, sai mu tsaya da tafi muna jira. Gero ya yi kai, Baba ya rame.

Ranar nan da hantsi Iya ta leƙa ta same shi yana murza yatsu. Ta ce, "Lawali, ka taɓa ganin an miƙa wa mai koyon daka taɓaryar gidan biki? Ta tsakiya ake ba ta, wadda za ta gajiyar da ita amma ba ta karya ta ba." Ya ce shi bai san ta inda zai gane na tsakiyar ba. Ta ce ya buɗe taga, ya riƙa buga farkon kowane kiɗa, mu kuma mu yi daka. Wanda ya bi turmi, shi ne nasa.

Mu uku muka tsaya kan turmin, ni da Yaya Hadiza da Zara 'yar maƙwabta, muna lugude. Kiɗan farko ya tsere mana. Wani ya yi ta jan ƙafa har Zara ta ce barci zai kwashe ta a tsaye. Can sai ya buɗo wani mai taku uku, ɗaya mai nauyi biyu marasa nauyi. Hannunsa na hagu ya faɗa daidai taɓarenmu, na dama ya hau sama yana yawo kamar ruwa a kan dutse. Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Iya ta ce, "Wannan ne. Rufe sauran."

Kullum da hantsi muna daka yana bi, in ya yi sauri Yaya Hadiza ta buga gefen turmi ya dawo. Ranar da buhuna suka iso, ya kai kiɗan har ƙarshe, masu dako na tsaye a zaure da kaya a ka, ba wanda ya sauke. Iya ta nuna musu ɗakinta, ta ce a jibge a can.

Yau inji ke niƙa mana, turmin ya zama wurin zama. 'Yar maƙwabciyata, ma'aikaciyar asibiti, tana koyon piyano irin na lantarki da abin toshe kunne, ita kaɗai da wayarta, tana ta neman kiɗan da zai yi daidai da ita. Ina kallon yatsunta ta taga, ba na jin komai. Kai da kake koyon wani abu da girmanka, wa ke tsaye tsakar gida yana riƙe maka taku?