Bangon Da Na Yaɓe Ba Namu Ba Ne

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, Inna ta aike ni gungun kakanninmu yaɓen masallaci. Tsohon masallacin ƙasa ne a wani tsibiri can cikin tafki, gaba da Wara. Mutanen garin sun tashi tun da aka yi dam, amma shi yana kan tudu, ruwa bai ci shi ba. Duk shekara kafin damina sai zuriyar gungun su koma. Maza su hau sama su gyara rufi da indararo, mata su yaɓe bango iya inda hannu ya kai. Kowane gida da nasa ɓangaren. Gidan da bai zo ba, wani ake ba bangonsa, an ɗauka ke nan zuriyarsu ta ƙare.

A shekarar ciwon gwiwa ya kwantar da Inna, yayana kuma yana kudu. Saura ni. Ni kuwa watanni kaɗan kafin nan kwalekwale ya kife da mu a hanyar kasuwa, masunta suka tsamo ni. Tun daga nan ko randar ruwa na leƙa sai gabana ya faɗi. Na yi kuka na ce a bar musu bangon mana. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce uwarta ta yaɓe shi, kakarta ta yaɓe shi, ba ta so a ce a hannunta ya suɓuce. Ta ce in na isa in tambayi liman ya nuna mini namu.

Yadda na haye kam ba abin alfahari ba ne. A ƙasan jirgi na zauna, ido rufe, na ƙanƙame ƙafar wata mata da ban ma san ta ba.

Masallacin bai kai yadda nake zato girma ba. Ƙofarsa sai ka sunkuya, kaurin bangon ya fi tsawon hannuna, azarorin ciki sun yi baƙi ƙirin don tsufa. Na tarar an kwaɓa ƙasa, kowa na aiki. Wuri biyu ne babu kowa: ɗaya a inuwar tsamiya, ɗayan a bakin gaɓa, ruwa na kaɗawa a ƙarƙashinsa. Ban nemi liman ba. Na ce wa raina ai lallai na inuwar nan ne namu, na tsuguna na kama aiki. Har daɗi nake ji, ina gyara shi sumul.

Ina gamawa wani jirgi ya iso a makare. Wata tsohuwa ta sauko da ƙwaryarta, ta zo ta tsaya a kaina. Ta dubi bangon, ta dube ni.

"Ke ɗiyar wa? Yaushe munka mutu ba a gaya muna ba?"

Mata suka ajiye aiki suka kama dariya. Wata ta ce mata Allah ya jiƙan rai, tsohuwar ta ce amin, a kawo mata nata kason sadaka. Ni ko ina ta ba da haƙuri. Da na faɗi gidanmu sai tsohuwar ta nuna mini bangon bakin gaɓa, ta ce ga namu can yana jira, kuma in la'asar ta yi ba a taɓa shi ba, ita za ta fara neman a ba ta.

Na je, amma na kasa matsawa. Ƙarar ruwan kawai nake ji. Matar da na riƙe wa ƙafa a jirgi, wadda ashe ta san labarina, ita ce ta raɗa wa tsohuwar abin da ya same ni. Sai tsohuwar ta zo ta tsaya a bayana, tsakanina da ruwa, ta damƙe ƙugun zanena.

"Dubi bango, ɗiyata. Ruwa ba ya da aiki da ke yau. In zai ɗauka, da ni zai fara, kuma kin ji an ce na riga na mutu."

Haka na yaɓe shi, tana riƙe da ni tana kushe aikina. Wai nata na yi wa kyau, namu na yi wa ha'inci. Kafin la'asar na gama. Ita kuma ta koma ta kankare tafin hannu guda a nata, ta sake yaɓewa da kanta, don kada a ce baƙon hannu ne ya rufe musu shekara.

Da na dawo Inna ba ta tambaye ni komai ba, farcena ta duba, ta ga jar ƙasa, ta yi hamdala.

Ba zan ce muku tsoron ya tafi ba. Har yau a ƙasan jirgi nake zama. Amma duk shekara ina hayewa, bangon bakin gaɓa kuma har yanzu na gidanmu ne.