Ranar da Na Wanke wa Kawu Iliya Lambar Jamus

Duk wanda ya san Kawu Iliya a garin Sterling, can ƙasar Turawa, ya san maganaɗisun da ke aljihunsa. Mutumin nan ko makulli ka miƙa masa sai ya manna masa shi tukuna! Tasi yake ja, amma hankalinsa duk yana kan tsofaffin lambobin soja. Ran sunan ɗan Alhaji Mamman ya kai abin nan kusa da sarƙar mai jego, sarƙa ta bi shi ɗaf. "Bon, wagga ba zinariya ba ce," in ji shi da guntun Faransancinsa, a gaban dangin miji. Wata biyu ba wanda ya gayyace mu ko shan ruwa.

Lamba ɗaya ce bai taɓa gwadawa ba, ta mahaifinsa: baƙin gicciye na ƙarfe da Jamusawa ke ba sojan da ya yi jarumta. Tsohon ya ce a fagen fama ya samo ta, lokacin da Faransa ta kwashe su yaƙi da Jamus. Mutanen garinmu Maraɗi kuwa suka ce ƙarya ne, wani maƙeri ya ƙera masa a hanyar dawowa, shi dankali kawai ya feraye wa soja. Kawu tsoron amsar yake ji. A tsumma yake naɗe ta, ko alamar azzalumin mulkin Jamus na wancan zamani da ke tsakiyarta ba ya son gani. Sai da ciwo ya kama shi ya yi alƙawari da wani Bature masanin lambobi a Springfield, ran Asabar.

Ni kuma 'yar ƙanwarsa, sabuwar zuwa daga Maraɗi, ga rawar kai. Ran Juma'a yana masallaci na ga abu ya yi baƙi ƙirin. Na ce haba, a kai wa Bature wannan dauɗa, a ce gidan ba mace? Na samo lemun tsami da gishiri da soson ƙarfe, na dirje ta kamar gindin tukunya.

Da ya dawo ko takalmi bai cire ba.

"Rabi, mi kinka yi?"

"Wankewa na yi, Kawu."

"Dauɗar nan ita ce shekarunta! Burushi mai laushi kaɗai aka sa mata, shi ma da bisimilla!"

Ya naɗe ta a tsummanta ya shige ɗaki. Wallahi na gwammace ya zage ni, don na ɗauka na kankare shaidar kakana gaba ɗaya.

Ran Asabar ya ce in shiga mota. Har Springfield ko rediyo bai kunna ba. Bature ya sa safar hannu, ya ɗora ɗan madubi a ido, ya bi gefen lambar inda aka haɗe azurfar da ta kewaye ta, ta gaba da ta baya. Ya ɗauko maganaɗisu, Kawu ya runtse ido. Ƙas, ya kama! Bature ya ce hakan bai isa ba, masu jabu ma sun san ƙarfe. Ya juya ɗan zoben da ake rataya ta da shi, ya daɗe yana kallo. Ashe hatimin maƙeranta yake nema, 'yar mitsitsiyar alama.

"Ta gaske ce," ya ce da Turanci. "Amma a daraja, da tana sahun farko, yanzu ta koma na ƙarshe. Wane mugu ne ya kankare mata fenti?"

Na buɗe baki, Kawu ya taka mini ƙafa.

"Ni ne," ya ce. "Tsufa."

A mota ya riƙe sitiyari bai tayar ba, hawaye na bin gemunsa. "Baba bai yi ƙarya ba, Rabi." Ya share fuska da hula, sannan ya harare ni. "Ke kuma, ko kofin shayina kinka wanke, sai Maraɗi!"

Bai kai azumin shekarar ba, kuma har yau ina kewarsa. Allah ya jiƙan Kawu Iliya, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini a gaban baƙo, ya sada shi da mahaifinsa cikin rahama. Amin.