Kafaɗar Zakari

Datti masinja ne a ɗaya daga cikin ofisoshin gwamnati na Kaduna, yana haya a Abakpa da matarsa Hansai. Bafulatani ne siriri, marar yawan magana, kuma a kan keke aka san shi, jakar takardu ɗaure a baya. A shekarar 1954 tarin fuka ya kwantar da shi. Ya sha allurai watanni a asibiti har tarin ya tafi, amma ranar da ya sauko daga gado sai ƙasa ta ƙi tsaya masa. Da ya juya kai, ɗaki ya juya tare da shi.

Malam Luka, ma'aikacin da ke yi masa allurar, bai ɓoye masa ba.

"Malam Datti, maganin nan yakan taɓa wani abu can cikin kunne, abin da ke gaya wa mutum a tsaye yake ko ya karkace. Naka ya tafi. Yanzu idonka da tafin ƙafarka da fatar jikinka su za su ɗauki aikin, sai ka koya musu."

A tsakar gida ya koya musu. Hansai ta ɗaure igiyar shanya daga ƙofar ɗaki zuwa gindin mangwaro, kullum da safe ya bi ta ba takalmi, don ya lura takalmi yana ɗauke masa jin ƙasa. Da farko da hannu biyu yake kamawa. Sannu a hankali ya gane ba ya bukatar riƙo. In ya ɗora kan yatsa ɗaya kawai, jikinsa sai ya natsu. In ya ɗauke, tangaɗi ya dawo.

"Malam, igiyar da ko zani biyu jiƙaƙƙu ba ta ɗauka, ita ce ke ɗaukar ka?" in ji Hansai.

"Ba ɗaukata take yi ba. Gaya mini take yi inda nake."

Hawan keke ya ƙare. A ofis aka ba shi benci a bakin ƙofa, bai yi gardama ba. Abin da ya kasa saki shi ne tsayuwa a sahu. Ya san an yarda marar lafiya ya yi salla a zaune, amma shi bai kai arba'in ba, kuma a ransa ranar da ya zauna a masallaci ya fita ke nan daga cikin maza.

Masallacin layinsu ba shi da bango, rumfa ce da aka kewaye da duwatsu. Ranar da ya fara komawa, na damansa da na hagunsa suka ja jiki, suna tsoron tarin. Ya yi ta rangaji tsakaninsu. Kafin mako ya zagayo har an fara raɗe-raɗin wai yana leƙa gidan burukutu.

Zakari ne ya tare shi, wani tela Babarbare, abokin wasansa.

"Kai Fillo, bawana! Yanzu nono ma bugarwa yake yi?"

"In kana da zuciya, Babarbare, tsaya kusa da ni ka sansana."

Zakari ya tsaya kusa, kafaɗa da kafaɗa, gefen ƙafarsa a jikin tasa, yadda ake so sahu ya kasance. Datti bai jingina ba. Ɗumin kafaɗar nan kawai ya ji ta cikin riga, sai ga shi tsaye cak har aka yi sallama. Daga ranar wurinsu ɗaya. Zakari yakan ce ubangida ba ya barin bawansa ya faɗi a gaban mutane, Datti ya ce ai bawa ne ke tokare ubangidansa. Sauran suka daina maganar burukutu, sai tausayi ya maye gurbinta.

A daminar 1957 mahaifin Zakari ya rasu, ya tattara kekensa na ɗinki ya koma Maiduguri.

Da azahar ta ranar da ya tafi, Datti ya tsaya a wurinsa, kafaɗarsa ta dama ba kowa. Liman ya waiwayo don daidaita sahu, ya gan shi, tausayi ya kama shi.

"Jama'a, a ba Malam Datti fili. Kada a matse shi, jikinsa ba ƙarfi."

Datti ya daure ya ce, "Allah gafarta Malam, ni matsewar nake so."

Liman ya yi murmushi. "Kunyar Fulani dai! Kada ka ji nauyinmu, mu 'yan'uwanka ne."

Mutane suka matsa cikin ladabi, suka bar masa wuri dama da hagu. Bai iya sake magana ba, don an riga an tayar da iƙama. Ya kafa ido a kan tabarma, ya danna yatsun ƙafa, raka'ar farko ta wuce da kyar. A ta biyu, yana ɗagowa daga ruku'u, rumfar ta juya. Ya miƙa gwiwar hannu yana neman wani, bai taɓa kowa ba. Ya tafi ta gefe, ya ture wani tsoho da ke can nesa da shi, goshinsa ya sami dutse. Rabin sahu suka yanke salla don ɗaga shi.

Babu wanda ya yi masa faɗa. Da la'asar ya tarar an shimfiɗa masa buzu mai laushi a baya, nesa da ƙafafun mutane, har da matashi. Liman da kansa ya kama hannunsa ya kai shi. Datti ya dubi sahun, ya dubi buzun, ya zauna.

Ya ci gaba da zuwa har ƙarshen zamansa a Abakpa, ba ya fashi sai in ciwo ya tsananta. Mutanen layin suna yabon haƙurinsa. In an idar sukan biyo ta wajensa, su sunkuya su ce, "Sannu, Malam Datti, Allah ya ƙara sauƙi," shi kuma ya ce amin.